Gari Ya Nufi Moniya, Mu Ina Takardunmu?



Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a ƙofar masallaci da teburin mai shayi, amma da an zo zaman ƙungiya sai a tsallake ta a kama zancen walima da hayar kujeru. Maganar fili ce. Mun ga ya dace mu kawo ta nan tun kafin taron wata mai zuwa, don kowa ya zo da abin da zai faɗa.

Duk wanda ya shekara goma a Badun ya san garin nan ya miƙe ya nufi arewa, ta hanyar Oyo. A da in mutum ya wuce Ojoo ya bar IITA a baya, sai gonaki da daji. Yau fa? Tun da aka buɗe layin dogo na Legas zuwa Ibadan a watan Yunin 2021 aka kafa babbar tasha a Moniya, kowane dillalin fili ya koma can da allonsa. An gyara hanyar Moniya zuwa Iseyin. Ana kan aikin hanyar da za ta kewaye gari, mai tsawon kusan kilomita 110. Kasuwar shanu ta Kara ta daɗe da barin Bodija ta koma Akinyele, a 2018 kuma gwamnati ta tashi mahauta daga Bodija ta ce su koma babbar mayanka ta Amosun. To ku duba da kyau. Duk waɗannan wurare a ƙaramar hukumar Akinyele suke ko a gefenta, wato daidai inda jama'armu suka fi yawa a kasuwa, inda tireloli ke sauke tumatir da albasa da shanu. Ƙasar da muke tsaye a kanta ita ce ta yi daraja. Tambayar da muke yi ita ce, a cikin wannan ƙasa taku nawa ne ke da sunanmu a rubuce?

Mu ba baƙin jiya ba ne. A 1916 aka yanka wa Hausawa unguwar Sabo kusa da Mokola, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, fataucin goro da shanu ya buɗe. Kakanninmu sun yi tsari mai kyau na zamaninsu. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashinsa. Ba a rubuta komai, kalmar dattijo ta isa, kuma ta yi aiki shekaru da dama har wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zo ya zauna a Sabo ya rubuta littafi guda a kan haka. Sai dai wancan tsari an gina shi ne a lokacin da fili ba shi da tsada, kuma wanda ya ba ka aron wuri yana raye, ya san ubanka. Yanzu jikokinsa ne ke riƙe da gidan, wasu a Legas wasu a Ingila, kuma abin da suka sani shi ne kamfanin gidaje ya yi tayin miliyoyi. Ba mugunta ba ce, gadonsu ne. In ka ce musu kakanku ya ba kakanmu wurin nan, za su ce ina shaida, kuma kotu ma abin da za ta tambaya ke nan.

Abin da ya faru a Sasa a watan Fabrairun 2021 bai kamata ya fita daga ranmu ba. Cacar baki tsakanin mutum biyu ta zama gobarar da ta ci rumfuna da gidaje da rayuka, namu da na maƙwabtanmu Yarbawa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. An rufe kasuwa, gwamnoni huɗu sun zo daga Arewa, na Kano da Kebbi da Neja da Bauchi, suka zagaya tare da Gwamna Seyi Makinde, suka yi jaje suka koma. Bayan tafiyarsu aka bar kowa da tokarsa. A irin wannan rana, duk wanda ya zo lissafin asara, hukuma ce ko mai taimako, abu na farko da zai nema shi ne sunan wa ke kan rumfar. Mutum ya shekara ashirin yana biyan haya hannu da hannu ba rasit ko ɗaya, ranar da wuta ta ci sai ya zama kamar bai taɓa zama a wurin ba.

Ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne. Muna ganin kuɗin karo-karo na shekaru biyu masu zuwa a karkatar da mafi yawansu wajen sayen fili da sunan al'umma, da cikakkun takardu, a wajen gari inda hannu ke iya kaiwa tukuna. Maƙabarta ce ta farko, don masu wanka da haƙa sun sha faɗa cewa wuri yana ƙurewa, kuma kai gawa Kano ko Sakkwato a mota ba kowane iyali ke da halinsa ba, ga addini ya ce a gaggauta. Sai makaranta. Sauran buƙatu su biyo baya.

Mun san abin da wasu dattawanmu ke cewa, kuma ba mu raina shi ba. Suna cewa Kurmi wurin nema ne ba gida ba, in rikici ya tashi ba a ɗaukar fili a ka a shiga tirela, gara mutum ya kai kuɗinsa ƙauyensu ya yi gini. Wanda ya ga Sasa da idonsa yana da hujjar faɗin haka. Amma a duba yaran da ke tasowa. Akwai gidaje a Sabo da aka haifi kaka da uba da jika duk a nan, yaran suna jin Yarbanci kamar 'yan Beere, garinsu na asali kuwa sai da babbar Sallah suke ganinsa, wasu ma ba su taɓa zuwa ba. Ginin da aka yi a ƙauye ƙadangaru ne ke kwana a ciki wata goma sha ɗaya, yaran kuma suna nan mutum takwas a ɗakin haya. Ba mu ce kowa ya bar gina gida a garinsu ba. Muna cewa ne wanda zai mutu a nan a binne shi a nan, ya kamata a ce yana da taƙi a nan. Sannan fili mai takarda ko an gudu an bar shi yana nan yana jiran mai shi, rumfar haya kuwa kafin ka dawo an ba wani.

Wasu kuma na tsoron kada masu gari su ce Hausawa na son mamaye musu ƙasa. Wannan ya danganta da yadda aka bi. In aka shiga ta bayan gida da dillalin dare, dole a yi zargi. In aka je da Sarkin Hausawa da limamai aka gaida Baale na yankin da rana tsaka, aka faɗa masa maƙabarta da makaranta ake so, magana ta canza. Da yawa daga cikinsu Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, sun san darajar maƙabarta.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutanenmu, don haka za mu ɗan tsaya a nan. Yawancin filaye a ƙasar Yarbawa na dangi ne, ba na mutum ɗaya ba. A Badun kowane babban gida yana da Mogaji, shi ne shugaban zuri'a. Cinikin filin dangi ba ya inganta sai da hannun shugaban gidan tare da manyan 'yan gidan. In wani saurayi daga cikinsu ya ja ka gefe ya sayar maka da araha ya rubuta maka rasit a takardar makaranta, ka sayi shari'a ne da kuɗinka. Gobe 'yan uwansa za su zo su ce ba su sani ba, ko ka sake biya ko ka tashi, kuma doka na bayansu. Haka ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku.

Bayan dangi akwai gwamnati. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da satifiket na mallaka, kuma yana da ikon karɓe wuri don aikin jama'a. In an karɓe, diyyar da doka ta sani ta abin da ke kan filin ce, gini ko shuka. Shi ya sa kafin a biya ko sisi sai an ɗauki safiyo mai lasisi ya auna wurin ya fitar da taswira, a kai ofishin babban safiyo na jiha a sakatariyar Agodi a duba ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta riga ta keɓe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yanzu, domin an keɓe fili mai faɗi a gefe da gefen sabuwar hanyar kewaye, har mazauna wuraren, 'yan gari haifaffu, sun sha fitowa zanga-zanga kan gidajensu. In ɗan gari mai dangi a sakatariya ya shiga wannan hali, ina ga mai sayar da albasa da ya biya a bakin titi? Duk filin da aka ce maka yana kusa da sabuwar hanya kuma ga araha, ka ƙara bincike.

Sai sunan da za a rubuta a takardar. Nan ma an sha kuka a wasu garuruwa: a sayi filin masallaci da sunan wani Alhaji saboda an yarda da shi, Allah Ya yi masa rasuwa, magada su lissafa shi cikin gado. Maganin wannan shi ne rajistar amintattu a hukumar CAC. Da ita ƙungiya ke iya mallakar fili da buɗe asusun banki da sunanta, amintattu su mutu ko a canza su, dukiya tana nan ta jama'a. Muna ba da shawarar amintattun su fito daga sassa daban-daban, 'yan gwari da 'yan Kara da 'yan canji da masu babura, kuma a sa mata a kwamitin kuɗi, don a adashi sun fi mu riƙon amana, kowa ya san haka.

Batun kuɗi bai kai yadda ake tsorata shi ba. A ce mutum 500 ne kawai suka ɗauki alkawarin naira 2,000 a wata. Miliyan ɗaya ke nan duk wata, miliyan 12 a shekara. Nawa ake kashewa a anko da kiɗa a biki ɗaya? Mun san abin da ke sa mutane ɗari-ɗari da karo-karo, ba a son a ba da kuɗi a ji shiru. Don haka sharaɗin da muke kawowa shi ne kada a karɓi kuɗin fili a hannu ko kaɗan. Asusun banki kawai, sa hannun mutum uku, kuma duk ƙarshen wata a ɗora hoton takardar banki a wannan shafi kowa ya gani.

Matasanmu masu babura, musamman waɗanda suka dawo nan bayan Legas ta hana okada a wasu ƙananan hukumominta a 2022, ku ma da ku ake. Ku ne kuka fi kowa kwana a rumfa da tasha, kuma in tsautsayi ya faɗa wa ɗayanku a titi, ƙungiya ake kira ta nemo inda za a sa shi. Ku zo a rubuta sunayenku da garuruwanku da lambar wani naku a gida. Masu katin zaɓe na Arewa da suka san a nan suke zaune, in INEC ta buɗe rajista su nemi a maido musu da shi nan, don kansila da ciyaman ƙuri'a suke ƙirgawa kafin su saurari koken maƙabarta.

A taron wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, wannan ce magana ta farko a ajanda, kafin a gaji a fara zamewa. Duk wanda ya taɓa sayen fili a yankin Moniya ko Akinyele ko hanyar Iseyin, ko cinikin ya yi kyau ko an cuce shi, muna roƙon ya zo da takardunsa a duba tare. Za mu gayyaci lauya da safiyo su amsa tambayoyi da bakinsu. Iyayenmu mata da ba sa samun zuwa, su aiko da ra'ayinsu ta hannun shugabar mata kafin ranar.

Wassalamu alaikum.
Sakataren ƙungiya