A Ƙirga Motoci Kafin A Zuba Kwalta

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk hanyar motar da gwamnati za ta shimfiɗa, akwai tambayar da ya wajaba a fara amsawa: motoci nawa za su riƙa bin ta kullum nan da shekara 20? Amsar ita ke yanke faɗin hanya da kaurin kwaltarta. In an rage lissafi, manyan motoci su farfashe ta tun ba a je ko'ina ba. In an zarce, an binne kuɗin asibiti da makaranta a daji.

Dabarar da masana suka gada daga biranen Amurka tun shekarun 1950 ita ce a yanka jiha gunduma-gunduma, a ƙaddara cewa zirga-zirga tsakanin gari biyu tana ƙaruwa da yawan jama'arsu, tana raguwa da nisansu. Ba mu raina wannan ilmi ba. Abin da muke cewa shi ne, lissafin da ya tsaya a iyakar Jihar Katsina makaho ne a ƙasar Daura.

Ku duba dai. Motar da ta taso daga Kano sai ta ratsa Kazaure ta Jihar Jigawa kafin ta iso Daura, ta wuce Kwangwalam, ta nufi Damagaram: jiha 3 ke nan da ƙasa 2. Wanda ya ƙirga motocin Mai'aduwa ran Talata bai ga komai ba, domin ran Lahadi kasuwa ke ci. Ga shi rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. An rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashin aikinsa a 2021, ta Daura aka tsara zai bi. Wane lissafin ofis ne ya hango waɗannan?

Don haka muna kira ga Katsina da Jigawa da Kano su haɗa lissafinsu wuri guda. Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura kuma ta fitar da ɗalibanta bakin hanya, rani da damina, ranar kasuwa da wadda ba ta kasuwa ba, su ƙirga, a buga sakamakon kowa ya gani. Gani ya kori ji.

Gobe mu ne za mu sa hannu a takardun nan. Allah ya sa mu fita kunyar talakawa, amin.