Kafin a miƙa wa mai asma Ventolin

Da zarar hunturu ya kama a Bauchi, ƙura ta turnuƙe gari, masu ciwon asma kemis suke fara nufa, ba Asibitin Koyarwa na ATBU ba. Mutum ya ce a ba shi Ventolin, a miƙa masa, ya biya ya tafi. Mu dai a ganinmu, masu harhaɗa magunguna za su iya yin fiye da haka.

Ventolin buɗe hanyar numfashi kawai yake yi na 'yan sa'o'i, ba ya magance kumburin da ke ciki. Shi ya sa tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina goyon bayan manya su dogara da shi kaɗai. To, a tambayi mai saye: sau nawa kake shaƙa a mako? Tari yana tada kai da dare? Gwangwani ɗaya feshi 200 ne. Wanda ke ƙarar da uku a shekara, a tura shi wajen likita ya haɗa masa da maganin kariya.

Sannan ya nuna yadda yake shaƙa, domin wasu a harshe maganin ke tsaya musu. A girgiza, a fitar da iska, a ja a hankali, a riƙe numfashi daƙiƙa goma.

A kuma tambayi batun turaren wuta da hayaƙin maganin sauro a ɗaki, a gargaɗe shi cewa aspirin da ibuprofen suna tayar wa wasu da ciwon. Wanda kuwa haki ya hana shi ƙarasa magana, asibiti za a kai shi nan take.