DORINAR ROBA TA FI TA YAURI GATA

Yau da marubutanmu na Hausa zan yi, kuma ba zan saya sunan laifin ba, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A Amurka akwai gidan wasa mai suna Disneyland da aka buɗe a jihar Kalifoniya a 1955. Cikin wasanninsa akwai Jungle Cruise, inda ake zuba mutane a jirgin ruwa a zaga da su wani kogi na ƙarya da aka haƙa. Walt Disney ya so ya zuba dabbobi masu rai, aka ce masa da rana barci za su yi ko su ɓuya, sai aka ƙera na roba masu motsi da inji. Dorina ta ɗago kai tana kaɗa kunne, matuƙin jirgi ya harba bindigar wasa, kowa ya yi dariya. Har sunaye aka raɗa musu: giwa mai wanka ita ce Bertha, wata kada kuma Ginger. A 2021 ma aka yi fim sukutum da sunan wasan.

To jama'a, ina dorinar gaske take? Tana Yauri, tana Shanga, tana Ngaski. Da dare take fitowa ta cinye shinkafar da manomi ya sha wahalar damina a kanta, ta kife kwalekwalen masunci, wani lokaci har da ransa. Ba ya da ikon kashe ta sai da izinin hukuma, ita kuwa ba ta san iyakar gona ba. Wannan ba labari ba ne? Amma ni dai a tulin littattafan da nake karantawa, daga Alhaji mai gida a Abuja sai Hajiya mai saro kaya a Dubai. Kogin Kwara kamar ba a ƙasar nan yake ba.

Abin da ke ƙasa fa ya fi ƙarfin dorina kaɗai. A 1806 Mungo Park ya bi ta Yauri ya je ya halaka a Bussa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri neman takardunsa. A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka, aka tashi mutum sama da 40,000. Cikinsu akwai Gungawa, masu kiran kansu Reshe, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, ga shi an raba da yawansu da gungun. Bikin Rigata da ake yi a Yauri, asalinsa nuna jarumtar mazan ruwa ne da farautar dorina. Tsohuwar da aka kwashe daga tsibiri tana yarinya, kabarin uwarta yana ƙarƙashin tafki, wa ya zauna ya ji ta bakinta? Wadda ke da shekara 10 a lokacin yau ta doshi 70. Jira muke a binne ta da labarin?

Na san abin da za a ce mini: ai makaranta soyayya suke so. To wa ya ce ba a soyayya a kwalekwale? Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. Babu matan aure a ciki? Babu wanda ake jira a gida da tuwon dare? Jarida ta ba mu adadi ta wuce, aikinta ke nan. Mayar da adadi mutum, mai suna da uwa da buri, aikin marubuci ne, kuma mun ƙi yi.

Akwai kuma abin tsoro. A wancan wasa na Amurka an shafe shekaru ana nuna baƙar fata riƙe da masu, suna tsalle a bakin kogi kamar su ma dabbobin ne, sai a 2021 aka cire su bayan an sha suka. Haka ake yi wa wanda ya bar wani ya ba da labarinsa: giwar roba ta samu suna, shi ya zama kayan ado.

Ba cewa nake a gina mana irin wannan gidan wasa a Yauri ba, rigar ceto da jirage masu lafiya sun fi gaggawa. Cewa nake marubuci ya hau mota ya je, ya kwana a garin masunta, ya tambayi Sarkawa yadda ake gane dorina mai ɗa, ya saurari tsofaffin Gungawa, sannan ya ɗauki biro. 'Yan Kebbi da ke cikinmu, ku ne a sahun gaba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya san littafin da ya yi wannan aiki ya faɗa mana sunansa mu saya. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya sa mu dace, amin.