ALGUS A CIKIN ƘASHIN MUTUM

Jama'a, duk mai awo ya san hukuncin wanda aka kama da mudun da aka buge wa gindi: a ƙwace mudun, a ja shi gaban sarkin kasuwa. To, yaya ke nan in algus ɗin ba a buhu yake ba, a cikin ƙashin mutum aka kafa shi aka ɗinke?

Ga abin da ya faru. Kamfanin DePuy, na ƙarƙashin Johnson & Johnson ta Amurka, ya ƙera wani ƙarfe mai suna ASR, wanda likitocin ƙashi ke sa wa mutum a madadin gaɓar kwatangwalo idan ta lalace. Ƙoƙo ne da dunƙule, duka na ƙarfe. Tun wurin zane aka yi kuskure, watau ƙoƙon bai yi zurfi ba, saboda haka in mutum yana tafiya sai dunƙulen ya riƙa gogar bakin ƙoƙon, garin ƙarfe yana zuba cikin nama da jini. Nama ya mutu, ƙashi ya zaizaye, wanda ya zo neman sauƙi ya koma kan sanda.

Mutum wajen 93,000 aka sa wa wannan ƙarfe a duniya. A Amurka an ba shi izni a 2005 ba tare da an bukaci a gwada shi a jikin majiyyata ba, wai don ya yi kama da waɗanda ke kasuwa. Kun ji fa! An daina sayar da shi a Ostareliya a 2009, amma kamfanin bai janye shi daga duniya ba sai Agusta 2010, bayan littafin rajista na Ingila ya nuna kusan mutum 1 cikin 8 sai an sake fiɗarsa cikin shekara 5. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, amma waɗannan bayin Allah tulu aka ce musu sun saya.

Sai batun diyya, nan kuwa aka ga bambancin mai gata da maras gata. A 2013 kamfanin ya yarda zai biya wajen dala miliyan 2,500 ga Amurkawa kamar 8,000, domin suna da lauyoyi, kuma sunayensu na rubuce. A Indiya fa, inda aka sa wa mutum wajen 4,700? Rahoton kwamitin Gwamnatinsu da ya fito a 2018 ya ce fiye da 3,600 ba a ma san inda suke ba. Wa za a biya? Wa za a gaya wa ya dawo a duba jininsa?

Wannan ya shafe mu, ya ku 'yan'uwa. Mu ne masu sayar da gona da rumfa mu kai ɗan'uwa Indiya ko asibitin ƙashi na Dala, musamman masu ciwon sikila, waɗanda kwatangwalonsu kan lalace tun suna samari. Duk wanda za a sa wa ƙarfe, kada ya ji nauyin likita: ya nemi sunan kamfanin da lambar ƙarfen a rubuce, ya adana takardar tare da ta fili. Hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya kuwa, muna so su tilasta wa kowane asibiti, na Gwamnati da na kuɗi, ya riƙa rubuta suna da gari da lambar wayar duk wanda ya fita da ƙarfe a jikinsa.