Mun Ci Ladan Kuturu

Tun da aka buɗe zangon karatun nan, duk muhawarar da aka yi a zauren ƙungiya a kan ƙasar Sin hanya ɗaya take bi. Da zarar wani ya ambaci Musulmin Uygur, sai wani ya yi zumbur ya ce, "To, Iraƙi fa?" A yi tafi, a yi sowa, a watse. Mu ma mun sha yin wannan tafi. Yau muna so mu tambayi kanmu abin da muke tafa wa.

Ba mu manta da halin masu sukar ba. Amurka, wadda ta afka wa Iraƙi a 2003 bisa zargin makaman da ba a taɓa gani ba, wadda ke da ɗaruruwan sansanonin soja a ƙasashen mutane, ita ce ke kuka don Sin ta kafa sansani a Jibuti a 2017, alhali ita da Faransa sun riga ta shimfiɗa tabarma a can. Ingila, wadda ta ɗura wa Sinawa kayan maye da bakin igwa tun 1839, ita ce malamar ladabin ciniki. Kura ce ke ce da kare maye. Kuma muna sane da cewa Sinawa ne suka shimfiɗa wa Tanzaniya da Zambiya hanyar jirgin ƙasa daga 1970 zuwa 1975, bayan Turawa sun juya musu baya.

Amma fa muguntar mai ƙara ba ta wanke wanda ake ƙara.

A 2018 aka shaida wa wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya cewa akwai rahotanni masu ƙarfi na tsare mutanen da za su kai miliyan ɗaya a lardin Shinjiyang. Da farko hukumomin Bejin sun musanta, daga baya suka ce ai makarantun koyon sana'a ne, don maganin ta'addanci. Wace irin makaranta ce ake kai dattijo mai furfura ba da son ransa ba? A watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya fitar da rahoto, ya ce abin da aka yi a can yana iya zama laifin cin zarafin bil Adama. Ba fadar shugaban Amurka ce ta rubuta shi ba. Haka kuma Filifin, wadda ta yi nasara a kan Sin a kotun sulhu ta birnin Hague a 2016 game da tekun kudancin Sin, ba ta taɓa mallakar kowa ba. Sin ta yi fatali da hukuncin, kamar dai yadda manya suka saba.

Batun ciniki kuwa ba sai Bature ya ba mu labari ba. Wanda ya san Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙu ke busa jiniya, ya je ya gani yanzu. Daga nan ya zarce Kantin Kwari ya tambayi inda aka buga atamfar da ke cikin diloli. Gaskiya ne rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri laifinmu ne. Wannan bai hana mu ganin wanda ya ci ribar ba.

Ga inda gizo ke saƙar. A watan Yuli na 2019 ƙasashe 22 suka rubuta wa majalisar kare haƙƙin ɗan Adam takardar sukar tsare-tsaren Shinjiyang. Cikin 'yan kwanaki wasu 37 suka mayar da martani da takardar yabo ga Sin, kuma Nijeriya na cikinsu, tare da Saudiyya da Masar da Sudan da Pakistan. Shekara uku ke nan a lokacin da buɗe hanyar jirgin Abuja zuwa Kaduna, wadda aka gina da rancen bankin Sin. Wanda ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski. Shekara ba ta zagayo ba, a Afrilun 2020, aka riƙa korar 'yan Afirka daga masaukansu a birnin Gwangju da sunan annoba, har sai da Kakakin Majalisar Wakilai ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotuna.

Mu da muka cika tituna don Soweto da Falasɗinu, wane ne ya ɗaure mana baki a kan Kashgar? Muna kira ga majalisar ƙungiya da ta rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Waje ta nemi bayani: wa ya ba da izinin sa hannu a takardar 2019, kuma me aka gani a Shinjiyang kafin a sa? 'Yan'uwanmu da suka kama aiki a ma'aikatun gwamnati su sani, wata rana a kan teburinsu irin wannan takarda za ta sauka.