WA YA KOYA WA HEDIMASTA AIKINSA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, 'yan kasuwa da masu sana'a, yau muna da magana a kan mutumin da mu ke danƙa wa 'ya'yanmu kowace safiya, watau hedimasta. Kowa ya sani ba a ba mutum tuƙin babbar mota sai ya yi zaman karen mota, ya goge, ya sami lasin. Ba kuma attajirin da zai bar wa yaro shagonsa a Kantin Kwari ranar da ya fara zuwa. Amma makarantar da ta tara ɗaruruwan yara da malamai da kuɗin jama'a, sai a wayi gari a miƙa wa mutum mabuɗinta, ba wanda ya taɓa koya masa shugabanci ko na yini ɗaya. Sabo da me? Wai ya daɗe a aiki, ko kuwa yana da uwa a gindin murhu.

Ba mu raina daɗewa a aiki ba. Amma iya koyar da lissafi daban, iya riƙe makaranta daban. Hedimasta shi ke raba wa malamai azuzuwa da darussa, shi ke riƙe rajista da littafin kuɗi, shi zai shiga aji ya zauna a baya ya ga ko malam koyarwa ya ke yi ko kuwa kashe lokaci, sa'an nan ya gyara masa ba tare da ya kunyata shi gaban yara ba. Shi zai san yarinyar da ta kwana goma ba ta zo ba, ya bi sawu har gidansu. In iska ta yaye kwano, shi zai san ofishin da za a rubuta wa, da yadda za a rubuta. Duk wannan ilimi ne, kuma ana karanta shi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da wasunsu akwai digiri na biyu a kan tsara ilimi da tafiyar da makarantu, inda a ke koyon dokokin ilimi, da kasafin kuɗi, da duba aikin malamai, da ƙididdigar yara, a kuma rufe da rubuta bincike. Gwamnatin Tarayya ma ta kafa cibiya musamman domin wannan horo a garin Ondo a 1992, ana kiranta NIEPA.

To, ashe ilimin yana nan. Abin tambaya shi ne, wa ke samunsa, kuma ina ya ke zuwa da shi?

Ku bi tsanin da mu. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, kuma da ita malaman firamare da yawa su ke aiki. Mai NCE ba shi da hanyar shiga digiri na biyu sai ya fara yin na farko. Watau shekaru na karatu, da kuɗin makaranta, da kuɗin mota, da na littattafai, duk daga albashin da ba ya kai wata. Wanda ya jure ya gama, me zai tarar? Kujerar da ke da ƙarin girma ba a makaranta ta ke ba, tana ofis. Sai ya nemi a mai da shi hedikwata, ko kwalejin horon malamai, ko ya tafi makarantar kuɗi inda 'ya'yan manya su ke. Ba mu ga laifinsa ba, shi ma iyali gare shi. Amma sakamakon ke nan: masu ilimin riƙe makaranta suna zaune ƙarƙashin fanka suna sa hannu a takardu, makarantar ƙauye kuwa tana hannun wanda aka bari ya yi ta lalube.

Wannan ciwo tsoho ne. Turawan mulki, duk da ƙyashin ilimin da suka yi mana, sun ɗauki Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi hedimastan Midil ta Bauci, suka aika da shi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar London a 1945. Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, ya komo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Amma 'yan ƙalilan ne aka tura, kuma ba a jima ba siyasa ta janye su. Da aka zo 1976 aka buɗe shirin ilimin firamare na kowa da kowa, makarantu suka tsiro ko'ina cikin gaggawa, aka yi ta naɗa shugabanni da abin da ya sawwaƙa. A lokacin ana iya cewa lalura ce. Yau kuma mene ne uzurin?

Kada a ce mana babu kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin ilimin farko, kuma a ciki akwai kason horar da malamai. Jihohi da dama sun sha barin rabonsu na gine-gine jibge a Abuja don sun ƙi ajiye nasu kason. Shi kuwa horon, sau da yawa taron 'yan kwanaki ne, a ci abinci, a raba jaka da alawus, a ɗauki hoto, a watse. Sa'an nan ku dubi asusun TETFund. Ya daɗe yana biya wa malaman jami'a da na kwaleji kuɗin digiri na biyu da na uku, amma dokar 2011 ta taƙaita shi ga manyan makarantu kaɗai. Ke nan mai koyar da darasin riƙe makaranta a jami'a an biya masa karatu, shi kuwa mai riƙe da makarantar da hannunsa ya ji da kansa.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. An yi ta gardama a kan korar, ba ita ce maganarmu yau ba. Abin da mu ke tambaya shi ne, duk shekarun da waɗannan malamai suka yi a aji, wa ke duba su? Kowannensu yana ƙarƙashin hedimasta, kowane hedimasta yana ƙarƙashin sufeto da sakataren ilimi. In da an horar da waɗannan, an kuma ba su ikon faɗin gaskiya ba tare da tsoron a jefa su ƙauyen da ba mota ba, da ba a kai ga dubu ashirin ba.

Kada kuma a ɗauka takarda mu ke bauta wa. Akwai mai digiri biyu da ba zai iya raba faɗan malamai biyu ba, akwai binciken da a ke rubutawa don ƙura ta ci shi a kan kanta. Jami'o'in su ma su ji: horon da mu ke nufi shi ne wanda ɗalibi zai yi wata da watanni a makarantar gwamnati mai yara fiye da ɗari a aji, ƙarƙashin gogaggen shugaba, kafin a ba shi shaida.

Abin da mu ke nema a fili ya ke. Kowace jiha ta yi doka, ba za a naɗa hedimasta ko firinsifal ba sai mai shaidar horon shugabanci, a kuma tallata gurbin kowa ya nema. Gwamnati ta biya kuɗin karatun, a shirya shi lokacin hutu ko ta hanyar karatu daga nesa kamar yadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta saba yi, don kada aji ya zauna ba kowa. Wanda aka biya wa ya sa hannu zai yi shekaru a makaranta, a kuma ba shi girma da albashi daidai da na ofis yana nan a kujerarsa.

Ku kuma 'yan'uwa, kuna da wurin zama a kwamitin kula da makarantar unguwarku, domin an tanadi kujerun iyaye da mata da masu sana'a a cikinsa. Ranar taro a rufe rumfa na awa guda a je. Ku tambayi hedimasta, cikin mutunci, wane horo aka ba shi kafin a naɗa shi, da kuma yaushe rabon da sufeto ya leƙo. Amsar da ya bayar ku rubuta, ku kai wa ɗan majalisarku ta jiha kafin a zauna kan kasafin kuɗin baɗi.