Kafin Malama Ta Ajiye Alli Ta Kama Kwamfuta

A 'yan shekarun nan wata magana ta shiga ofisoshin malamai da gidajen biki, watau maganar sake sana'a. Cewa ake yi mace ta shiga kwas na wata uku, ta koyi ginin shafukan intanet, sa'an nan ta zauna a ɗakinta tana yi wa kamfanonin Ingila da Amurka aiki ana biyanta da dala. Har wasu malaman makaranta a nan Birnin Gwari sun fara tunanin ajiye alli.

Ni dai ban ga laifinsu ba. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su. A watan Maris na 2021 kuma 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama suka tafi da malamai uku. Wadda ta ga wannan, in ta nemi aikin da za ta yi a cikin gida, ai ba kwaɗayi ba ne.

Sana'ar kuwa ta gaskiya ce, kuma ba ta fi ƙarfin mace ba. Abu uku ake fara koya. HTML shi ne ginin ɗakin, CSS shi ne jere da labule, JavaScript kuwa shi ke sa ƙofa ta buɗe in an taɓa. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta buɗe shirin 3MTT domin horar da mutum miliyan 3, aka fara da 30,000, kuma ba a karɓi kuɗin makaranta ba.

To, amma kyauta a Abuja ba kyauta ba ce a Dogon Dawa ko Randagi. Karatun yawancinsa ta intanet ake yi. Sai da kwamfuta, domin wayar hannu ba ta kai mutum ko'ina a wannan aiki. Sai da wuta ko sola. Sai da data, wadda a farkon 2025 aka yarda kamfanoni su ƙara wa kuɗinta har kashi 50 cikin 100. Ba mu manta ba kuma, a ƙarshen Satumba na 2021 an katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindigar daji, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. Maɗinkiya ta ci gaba da taka kekenta a watannin nan biyu, mai ƙuli-ƙuli ta ci gaba da suya. Mai ginin shafi fa? Wane Bature ne zai jira ta wata biyu ba ko sallama?

Maganar dala ita ma a yi mata lissafi. Kamfanin Andela, wanda ya fara a Ikko a 2014, shi ya yi suna wajen horar da matasa yana haɗa su da kamfanonin waje. A Satumba na 2019 ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a Nijeriya da Kenya da Uganda, ya ce masu ba da aiki ƙwararru suke nema. Tun daga 2022 kuma ga irin su ChatGPT suna rubuta ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga. Watau wata uku share fage ne kawai, gwanintar sai an shekara ana yi ana kuskure.

Inda nake ganin hasken abin shi ne a gida. A Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Dillalan masara, masu makarantun kuɗi, masu shagon magani, ƙungiyoyin mata masu adashi, nawa ne cikinsu ke da shafi ko rajistar da ta wuce littafin awo? Kuɗinsu naira ne, ba yawa, amma wadda ta iya Hausa kuma ta san su ta fi ɗan Ikko kusa da wannan ciniki.

Saboda haka, malama, kada ki rubuta takardar barin aiki, kuma kada ki sayar da 'yan kunnenki na zinariya don kwas ɗin da ba ki ga ko mutum ɗaya da ya gama shi ya sami aiki ba. Ki fara da na kyauta a lokacin dogon hutu, ki yi shawara da maigida a kan sa'o'in dare da abin zai ci, ki gina wa makarantarku shafi ko da ba a biya ki ba. Ku kuwa 'yan makaranta, ku riƙe Lissafi da Turanci, domin duk umarnin da ake ba kwamfuta a wannan aiki da kalmomin Turanci ake rubuta shi. Ga hukumar Ƙaramar Hukumarmu kuma roƙo ɗaya: ɗaki guda mai sola da kwamfuta ashirin a makarantar 'yan mata, a ware wa matan aure ranar Asabar.